Darasi Ga Dillalan Mota: Cire Robar Jikin Mota Da Ta Koɗe Da Sake Mata Fenti

Darasinmu na wannan fitowa a kan baƙar robar nan ne da take jikin mota ta waje, watau bamba ta gaba da ta baya, da robar bakin taya, da doguwar robar da ta bi gefen ƙofofi, da murfin madubi, da wadda take ƙarƙashin gilashin gaba inda waifa take kwanciya. In mota ta sha rana wannan roba takan koɗe, ta koma toka-toka kamar an barbaɗa mata alli.

Wani zai ce mene ne abin darasi a nan? To, ajiye mota biyu a fili, iri ɗaya, shekara ɗaya, inji lafiya lau duka. Ta farko robarta baƙa wuluk, ta biyu tata ta yi fari. Mai saye tun daga nesa ya riga ya yanke hukunci, ya ce wannan ta tsufa, ta sha wuya. Tayin da zai fara yi wa ta biyu ba zai kai na ta farko ba, kuma kowane dillali ya san tayin farko shi ke jan sauran ciniki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. In kuɗin mota ya ragu, la'adarka ta ragu.

Abin da muke so ku riƙe shi ne: fentin roba ba a wurin feshi yake kyau ko ya lalace ba, a wurin shiri ne. Wanda ya cire robar, ya gane irinta, ya wanke maiƙonta tas, ya sa mata firamar da ta dace, aikinsa zai daɗe. Wanda ya tsallake ɗaya cikin waɗannan, fentinsa zai saɓule kamar ɓawon albasa, mai saye kuma ya dawo yana cigiyar dillali.

Fasali Na 1: Asalin Wannan Roba

Dattawa sun tuna Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Bambarta ƙarfe ce mai walƙiya, in ta lanƙwashe sai fanal bita ya buge ta ta miƙe. Amma tun a 1972 kamfanin Renault na Faransa ya fito da ƙaramar motarsa Renault 5 da bamba ta roba, tana cikin na farko da suka yi haka a Turai. Daga nan sauran kamfanoni suka bi, domin roba ba ta tsatsa, ba ta da nauyi, kuma in an ɗan goge ta takan lotsa ta dawo.

Yawancin wannan roba daga wani iri ake yin ta mai suna folifirofilin, a taƙaice PP. Wani masani ɗan Italiya, Giulio Natta, shi ya gano hanyar yin ta a 1954, aka fara yin ta don sayarwa a 1957. Da ita ake yin kujerun roba, da buhunan da muke zuba hatsi, da igiyoyi da yawa. Ka tuna yadda buhu yake rududdugewa in ya daɗe a rana? To, ciwon nan ne yake kama robar mota, sai dai ita an ƙara mata magani don ta jure.

Motocin da suka fi nuna wannan ciwo a kasuwanninmu su ne masu robar da ba a yi wa fenti ba tun daga kamfani: Golf 3 da ta fito a 1991, da Honda CR-V ta farko da ta biyu, da Pontiac Vibe da aka ƙera a Amurka daga 2002 zuwa 2009, da a-kori-kura da bas-bas masu baƙar bamba.

Fasali Na 2: Dalilin Koɗewa

A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, shi ke ƙona fata, shi ke kashe launin atamfa in an shanya ta ta wuni. In ya haɗu da iska a kan roba sai ya riƙa tsinka ƙwayoyinta na sama, fuskar ta farfashe da tsaga ƙanana da ba a gani sai da madubin ƙara girma. Baƙin robar daga wani gari yake mai kama da kunkunniya, an kuma cuɗa ta da garin farin dutse mai laushi, irin wanda ake hoda da shi, don ta yi ƙarfi. In saman ya mutu sai farin ya fito fili. Shi ya sa in ka goga yatsa za ka ga kamar alli a hannunka.

Zafi yana hanzarta abin. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, watan Afrilu zafin inuwa yakan kai digiri 40, baƙar roba a tsakar rana kuwa ta fi haka nesa, hannu ma ba ya iya daɗewa a kanta. Motar da ta yi shekaru a ƙasar sanyi robarta ƙalau, in ta zo nan ta tsaya a filin sayarwa ba rumfa, sai ka ga ta fara fari.

Koɗewa hawa uku ce, kuma wajibi ne dillali ya bambanta su:

1. Ta sama. In ka jiƙa robar da ruwa ta koma baƙa sosai, in ka karce da farce ba gari. Wannan ba ta bukatar fenti, wanki da maganin baƙanta roba na kanti ya wadatar, sai dai a riƙa sabunta shi.

2. Ta tsakiya. Farin ya zauna, akwai dabbare-dabbare, gari yana fita, amma in ka ɗan lanƙwasa bakin robar tana da danƙo. Wannan ita ce ta fenti, a kanta darasinmu yake.

3. Ta ƙarshe. Robar ta bushe ƙamas, ta tsattsage, kunnuwan da ake ɗaure ta da su suna karyewa. Wannan kada ka ɓata fentinka. Nemi wata a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko inda ka saba.

Fasali Na 3: Dabarun Gaggawa Da Illarsu

Akwai abubuwan da yaran gareji da masu wankin mota suke yi in an ce mai saye yana hanya. Ga su, ga kuma abin da suke jawowa.

Baƙin mai na inji, ko man gyaɗa, ko man goge takalmi. Suna baƙanta roba nan take, gaskiya ne. Amma kwana biyu ƙura ta manne, ruwan sama na farko ya zubo da maiƙon a jikin fentin ƙofa. Babbar illar ita ce man yana shiga cikin tsagar nan ƙanana, ran da aka zo yin fenti na gaskiya ya hana shi kamawa.

Man birki. Wannan ya fi duka sharri, domin yana cin fentin mota. Ɗigo ɗaya in ya kwana a jikin ƙofa sai fentin wurin ya kumbura.

Man sheƙin taya da na goge dashbod. Yawancinsu akwai silikon a ciki, silikon kuwa shi ne babban abokin gabar mai fenti. In ya rage ko kaɗan, fenti yakan guje shi ya bar ramuka zagaye-zagaye, masu fenti suna ce musu idon kifi.

Wuta ko na'urar hura zafi. Ana bi da ita a kan robar, saman ya narke, baƙi ya dawo. PP tana narkewa ne wajen digiri 160, in hannu ya tsaya wuri ɗaya sai wurin ya yi sheƙi ko ya lotsa, a sami zane-zane kamar jikin damisa. Bayan 'yan watanni farin ya dawo, robar kuma ta ƙara bushewa.

Araha ba ta ado. In ka san za a yi wa roba fenti, hana kowa shafa mata komai tun ran da motar ta shigo hannunka.

Fasali Na 4: Cirewa

Me ya sa sai an cire? Domin fenti daga baki yake fara ɓarewa. In an rufe jikin mota da takarda an yi feshi a tsaye, bakin robar da ya lafe a jikin ƙarfe ba ya samun wanki, ba ya samun firama. Nan ruwa zai shiga ya ɗaga fentin. Ban da haka, ƙurar feshi takan sauka a gilashi da fitila.

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton kowane gefe da wayarka. Kashe mota, zare makulli. Samo gwangwanaye ko ledoji, ƙusoshin kowane gefe a ajiye su dabam. Kada a yi aikin da sanyin safiyar hunturu, lokacin roba tana da saurin karyewa. Bari hantsi ya ɗaga ta ɗan yi ɗumi.

Abubuwan da suke riƙe roba iri huɗu ne:

Na farko, ƙusar roba mai ɗan ƙaramin kai a tsakiya. Ana fara ɗaga kan tsakiyar nan, sa'an nan a zare gindin. In ka finciko ta gaba ɗaya sai ta tsinke.

Na biyu, noti da sukuru. Motocin Japan yawanci sifana mai lamba 10 ce, da sukudireba mai kai huɗu. Na Jamus suna son sukuru mai kan tauraro mai tsini 6, nemi makullinsa, kada a tilasta shi da wanda ba nasa ba kan ya lalace. Duba cikin bakin taya da ƙarƙashin bamba, nan suke ɓuya.

Na uku, haƙoran da suke maƙale a rami ta baya. Ana zura siririyar roba mai faɗi a ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. In babu sai sukudireba mai faɗi, naɗe bakinta da tsumma don kada ta karce fenti, karcen nan shi ke zama tsatsa da damina.

Na huɗu, gam mai fuska biyu, irin na doguwar robar gefen ƙofa. Ajiye motar a rana gam ɗin ya yi laushi, zura zaren fatsa ta baya, ka riƙa ja kamar mai yankan sabulu. Kada ka ja robar da hannu, wasu akwai siririn ƙarfe a ciki, in ya lanƙwashe ba ya komawa. Kafin ka cire, manna salatif a jikin ƙofa ka yi alamar layin da take.

Robar ƙarƙashin gilashin gaba sai an fara cire hannun waifa. Yi alamar inda kowace take kwance a kan gilashi, kuma ka kula da siririn tiyon ruwan wanke gilashi. In bamba ce, zare wayar fitilar hazo da ta na'urar da ke ƙara in an ja da baya kafin a janye ta, mutum biyu su riƙe. Duk mahaɗin waya mai launin rawaya kada a taɓa shi, na jakar iskar hatsari ne.

In ka ja ka ji abu ya riƙe, tsaya. Akwai ƙusar da ba ka gani ba. Sauri ya haifi nawa.

Fasali Na 5: Gane Irin Robar

Amfanin cirewa na biyu ke nan. Juya robar ka duba bayanta, za ka ga kamfani ya buga wasu haruffan boko tsakanin alamomi biyu masu kama da bakin kibiya. Ko ba ka karanta boko ba, riƙe siffarsu ko ka sa yaro ya karanta maka.

In ka ga >PP< ko >PP+EPDM< ko TPO, dangin PP ce. Jikinta kamar kakin zuma yake, ruwa ba ya kama ta, gam ba ya kama ta, fenti ma haka. Dole sai da firamar roba. In an ƙara T20 ko TD20, ma'ana kashi 20 cikin 100 garin farin dutsen nan ne.

In ka ga >ABS<, ita ce mai tauri, mai ƙara in an ƙwanƙwasa, yawanci murfin madubi da ragar gaba. Tana karɓar fenti da sauƙi, amma tina mai ƙarfi tana narkar da ita. Kada a goge ta da tina.

In ba rubutu, yanko ɗan siriri ta baya inda ba a gani, ka jefa a kofin ruwa ka danna shi ya jiƙe. Nauyin PP kamar kashi 9 cikin 10 ne na nauyin ruwa, saboda haka takan taso. In ya taso, dangin PP ce ba shakka. In ya nutse ba hujja ba ce, domin PP mai garin dutse da yawa ita ma tana nutsewa. In haka ta faru, sa firamar roba kawai, ba ta cutarwa.

Fasali Na 6: Wanki Da Karce

Nan ne rabin aikin yake, nan ne kuma yara suke ha'inci domin ba ya nuna wa ido.

1. Wanke robar gaba da baya da omo da ruwan ɗumi da burushi mai tauri. In an taɓa shafa mata mai, a wanke sau 2 ko 3.

2. Gwada da ruwa. Zuba ruwa mai tsabta a kai. In ya watse ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya a wani wuri fiye da sauran, akwai sauran maiƙo a nan, sake wankewa.

3. Karce ta da soson karce mai launin toka na masu fenti, a jiƙe da ruwan sabulu, har garin nan ya daina fita. In robar mai sulɓi ce ana iya amfani da samfefa mai lamba 600 zuwa 800. In mai ƙurji-ƙurji ce kamar fatar jaka, a tsaya a soso, domin samfefa za ta share ƙurjin, wurin ya fita dabam. Samfefa mai kaushi kuwa takan tayar wa PP da gashi. A bi baki da lungu, nan aka fi mantawa.

4. Ɗauraye, a jingine a inuwa ta bushe sarai. Ruwan da ya ɓuya a lungu shi ke fitowa tsakar feshi.

5. Goge da sifirit a farin tsumma mai tsabta, hannu yana tafiya gefe ɗaya, ana juya tsumman. Ban da fetur, ban da kananzir, dukansu suna barin maiƙo. Daga nan kada a sake taɓa fuskar da hannu, sai da safa.

Fasali Na 7: Firama Da Fenti

Firamar roba, wadda masu shago suke kira filastik firama, ba ita ce firama mai ruwan toka ta ƙarfe ba. Yawanci garai take kamar ruwa, aikinta ta kama robar ta ƙasa, fenti ya kama ta ta sama. In mai shago ya miƙo maka ta ƙarfe ya ce duk ɗaya ne, ce masa albarka. Fentin kuma a nemi wanda aka rubuta na bamba ne ko na roba, domin yana da danƙo, yana bin robar in ta lanƙwasa. A zaɓi baƙi marar sheƙi ko mai ɗan sheƙi kaɗan. Baƙi mai ƙyalli tun daga nesa yake shelar cewa an yi fenti. In da hali, firama da fenti su zama na kamfani ɗaya.

Ɗora robar a kan benci ko bulo yadda hannu zai kai bakinta. Girgiza gwangwani minti 2 cur bayan ka ji ƙwallon ciki yana kaɗawa. Gwada a kwali. Tsakanin gwangwani da roba taki ɗaya, watau kamar santimita 20 zuwa 25. Fara feshi kafin ka kai kan robar, ka wuce ta kafin ka saki, kowane layi ya hau rabin na baya.

Firama shafi 1 ko 2, siriri ƙwarai, kamar raɓa. A jira minti 5 zuwa 10. Kada a bar ta ta kwana, akwai lokacin da kamfani ya rubuta a jikin gwangwani wanda dole fenti ya hau kafin ya wuce, a bi shi.

Fenti shafi 3. Na farko ya zama yayyafi, kana hango tokar robar ta ƙasa, kada wannan ya dame ka. Bayan kamar minti 10 a yi na biyu, sa'an nan na uku. Fara da baki da lungu, ka gama da fili. Shafi mai kauri yana zuba, yana cike ƙurjin robar, kuma yana tsagewa. In wuri ya zuba kada a goge, bari ya bushe a karce a sake.

Babbar bamba takan ci gwangwani 1 zuwa 2 mai mililita 400. Saya duka lokaci ɗaya, iri ɗaya, don kada baƙin ya bambanta.

Fasali Na 8: Lokaci, Wuri, Da Lafiyar Mai Aiki

Fenti ya fi son zafi tsakanin digiri 15 da 30, a inuwa. Da bazara a yi da sassafe, domin in roba ta yi zafi fentin yakan bushe tun a iska, ya sauka kamar yashi. Da hunturu abokin gaba ƙura ce, busasshiyar roba da aka goga tana jan ƙura kamar maganaɗisu. A yayyafa ruwa a ƙasa, a kare gefen da iska take zuwa. Da damina kada a yi in hadari ya haɗu ko bayan ruwa nan da nan, laima takan sa baƙin ya yi hazo.

Tururin fenti yana kama wuta. A nisanci mai walda, da murhun mai shayi, da janareta, da mai shan taba. Kada a jefa gwangwanin da ya ƙare a wuta, yana fashewa. A yi aikin inda iska take wucewa, mai feshi ya sa takunkumi mai gawayi na masu fenti, domin ƙyalle ko takunkumin asibiti ƙura kaɗai suke tarewa. Fenti mai haɗi biyu, wanda ake zuba wa hadina, akwai wani sinadari a cikinsa da yake jawo ciwon asma, wanda in ya kama mutum ba lalle ya rabu da shi ba. Wannan a bar wa masu ɗakin fenti da kayan numfashi. Yaron da yake maka aikin ɗan wani ne, kada ribarka ta fito daga huhunsa.

Fasali Na 9: Mayarwa Da Gwaji

Bar robar ta kwana, awa 24, kafin a mayar. Ko ta bushe a taɓi, cikinta bai ƙeƙashe ba. Kafin mayarwa yi gwajin salatif: a wani lungu da ba a gani, inda fenti ya hau, yi ɗan zane gicciye da reza, manna salatif ka danna, ka fizge. In ya fito fes, aiki ya yi. In ya ɗebo fenti, gara ka sani yau da mai saye ya gano gobe.

Duk ƙusar robar da ta karye a sa sabuwa, kada a ɗaure da waya. Bamba mai rawa tana zubar da kwarjinin mota fiye da mai fari. Robar gefen ƙofa a kankare tsohon gam, a goge da sifirit, a sa sabon gam mai fuska biyu na mota, a bi layin salatif ɗin nan, a danna sosai. Mayar da wayoyi, gwada fitilu da waifa. Mako guda kada a wanke wurin da omo ko injin wanki mai ƙarfi, kuma a gaya wa masu wanki ban da man sheƙi.

Fasali Na 10: Lissafin Ɗan Kasuwa

Kafin ka ba da aikin, tara abu huɗu: kuɗin firama da fenti da soso da sifirit, ladan mai aiki, kuɗin ƙusoshin da za su karye, da kwana biyun da motar za ta bar fili. Sa'an nan tambayi kuɗin irin wannan roba ta Beljiyam mai kyau a ranar. In ƙaramin yanki ne kamar murfin madubi, sau da yawa sauyawa ta fi. In bamba biyu ne da bakin taya huɗu, yawanci fenti ya fi sauƙi, kuma duk sai su fito launi ɗaya. Kada a yi rabi a bar rabi, sabon baƙi kusa da tsohon fari shi ke tona asiri.

In kai ne dillalin mai saye, ga yadda za ka gane. Goga farin tsumma a robar: in ya yi maiƙo, mai aka shafa. Sunsuna, baƙin mai ba ya ɓuya. Duba bakin robar da gefen fitila: in akwai ƙurar fenti ko layin takarda, a tsaye aka fesa ba a cire ba. Danna farce a lungu ka ga ko yana ɗagowa. Leƙa baya ka ga ko an lulluɓe tsaga ko ɗinki da fenti, domin bambar da aka ɗinke tana iya zama shaidar an taɓa buga gaban motar, sai ka ƙara bincike a ƙarfen da ke bayanta.

In kuma kai ne mai sayarwa, gyara ba laifi ba ne, ɓoyewa ce laifi. Ce wa mai saye: Alhaji, robar nan ta koɗe, mun cire mun yi mata fenti, ga hotonta kafin aiki. Wanda aka gaya wa ya saya da saninsa, ba shi da abin cewa. Wanda aka shafa wa baƙin mai kuwa, ruwan farko zai ba shi labari, shi kuma ya ba 'yan'uwansa da abokan cinikinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Mota ɗaya za ka sayar masa yau, amma dillali da sunansa yake cin abinci shekara da shekaru.